Ma'anar "mutum-mutumi" da abin da ake kai wa tsofaffi a Japan

Tun da aka shiga yayin ƙirƙirarriyar basira, kalmar mutum-mutumi ta zama gishirin labarai. Kwanan baya na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa wai a Japan mutum-mutumi ne ke kula da tsofaffi yanzu. Masu bugo waya suka yi ta salati, wani har ya ce ƙarshen duniya ya zo tunda 'ya'ya sun sallama iyayensu ga ƙarfe. Ban ga laifinsu ba, kalmar ce ta ja su.

A Hausar da muka tashi da ita, mutum-mutumi shi ne abin da manomi ke kafawa a gona, sanduna biyu a gicciye da tsohuwar riga da hula, don korar tsuntsaye. Siffar mutum ce kawai, ba rai ba motsi. Da aka rasa sunan da za a raɗa wa na'ura mai sarrafa kanta sai aka ɗora mata wannan, wasu kuma su ce saƙago. Abin da ke ba ni haushi shi ne kalmar na ɗauke da "mutum" har sau biyu, don haka duk wanda ya ji ta sai ya hango wani ƙaton ƙarfe mai ƙafa biyu yana ba tsohuwa kunu a baki.

To, mutum-mutumin da ya fi suna a gidajen kula da tsofaffi ko kama da mutum bai yi ba. Sunansa Paro. Wani injiniya ɗan Japan, Takanori Shibata, ya fara aikinsa a 1993, kuma ya yi shi ne a siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi da ke rayuwa a kan ƙanƙara. Nauyinsa bai kai kilo 3 ba, kamar jariri dai. Idan an shafa shi yana lumshe ido, ya motsa jela, ya yi ɗan kuka, idan an kira sunansa ya juyo. Hatta wayar cajinsa an yi ta kamar robar da ake sa wa jariri a baki. Me ya sa ba kyanwa ko kare ba? Saboda kowa ya san kyanwa, da ka ɗauki ta roba za ka gane ƙarya ce, amma mutum nawa ne ya taɓa rungumar waccan dabba balle ya kwatanta? Wannan dabarar ta burge ni, ta kuma ɗan tsorata ni. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin kayan jinya.

Paro ba ya yi wa kowa wanka, ba ya ɗaga mara lafiya, ko tafiya ba ya yi. A irin waɗannan gidaje akwai ma'aikaciyar da aikinta shi ne tsara hidimomin yini: lokacin motsa jiki, lokacin waƙa, lokacin hira. A cikin wannan jadawalin ake shigo da shi. Ta ɗora shi a cinyar dattijon da gigin tsufa ya sa ya yi shiru tun safe, ya fara shafa shi, sai ga shi yana ba da labarin karen da ya riƙe yana yaro, na kusa da shi ya miƙo hannu shi ma a ba shi. Hirar ake nema, kuma mai jan ta ita ce wannan ma'aikaciyar. Shi ya sa a Denmark, inda ya samu karɓuwa sosai, aka riƙa ba ma'aikata horo kan yadda za su yi aiki da shi. Ko kuɗinsa, kusan dala 6,000, ya isa ya sa gida ya sayi ɗaya tak a riƙa zagayawa da shi.

Da masu kiran rediyon sun san haka, da sun sami abin muhawara na gaske. Akwai tsohuwar da za ta ɗauka mai rai ne, ta rage masa abincinta, ta damu ko ya ji sanyi da dare. Ma'aikaciyar da ke tsaye kusa da ita za ta gaya mata cewa batir ne a cikinsa, ko za ta miƙa mata bargo ta lulluɓe shi?