Peugeot

Peugeot, wanda Hausawa ke kira Fijo, kamfanin ƙera motoci ne na ƙasar Faransa, kuma yana cikin tsofaffin kamfanonin mota da har yanzu ake sayar da motoci da sunansu. Sunan na wani gida ne na 'yan masana'antu daga yankin Montbéliard, a gabashin Faransa kusa da iyakar Suwizalan. Tambarinsa zaki ne. Tun watan Janairun 2021 yana ƙarƙashin babban kamfanin Stellantis, tare da Citroën da Fiat da Opel da Jeep da wasu.

Asali

Gidan Peugeot ya daɗe cikin sana'ar niƙa da saƙa kafin ya shiga harkar ƙarfe. A 1810 wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da wurin niƙan hatsi na gidansu da ke kusa da garin Hérimoncourt ya zama maƙerar ƙarfe. Daga wannan shekara kamfanin ke ƙirga shekarunsa, ko da yake sai bayan kusan shekara 80 ya ƙera motar farko. A tsakanin nan sun yi zarto da sifirin da kayan aikin kafintoci da ƙarafan laima, har da zoben ƙarfe da matan Turai na wancan zamani ke sakawa a ƙarƙashin siket don ya buɗe. A 1840 suka fara injin niƙa gahawa na hannu, a 1874 kuma na niƙa masoro. Har yau ana sayar da injin niƙa masoro mai sunan Peugeot, amma kamfanin da ke yin sa daban yake da na mota.

Zarto ne ya kawo zakin. An zaɓe shi don ya nuna kaifin haƙoran zarton da lanƙwasuwar ruwansa ba tare da ya karye ba. Ana cewa wani maƙerin zinariya mai suna Justin Blazer ne ya zana shi wajen 1847, aka yi masa rajista a 1858. An sauya siffarsa sau da dama; a tambarin da aka fitar a 2021 kan zakin kawai ya rage, cikin garkuwa.

Armand Peugeot da motocin farko

Wanda ya ja gidan zuwa abin hawa shi ne Armand Peugeot (1849–1915), wanda ya zauna a Ingila ya ga yadda keke ke samun karɓuwa. A 1882 kamfanin ya fitar da kekensa na farko. A 1889 Armand ya baje wata mota mai ƙafa uku mai aiki da tururi a babban bikin baje koli na Paris, wadda ya haɗa tare da maƙerin injin tururi Léon Serpollet. Guda huɗu kacal aka yi. Tururi bai gamsar da shi ba, don haka a shekara mai bi ya koma injin fetur na Daimler, wanda kamfanin Panhard et Levassor ke ƙerawa a Faransa bisa lasisi.

Ba duk dangi ne suka yarda da wannan sabuwar harka ba. Ɗan'uwansa Eugène yana ganin asarar kuɗi ce. Saɓanin ya kai Armand ya ware a 1896, ya kafa nasa kamfanin mota da masana'anta a Audincourt, ya kuma fara ƙera injinsa na kansa. 'Ya'yan Eugène daga baya su ma suka shiga ƙera mota da sunan Lion-Peugeot, har aka sake haɗe ɓangarorin biyu a 1910. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda ta zama cibiyar kamfanin, kuma tana aiki har yanzu. A garin ne gidan ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta FC Sochaux a 1928, a can kuma gidan tarihin kamfanin yake.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya Peugeot ya yi suna a tsere. Jules Goux ya ci gasar Indianapolis 500 ta Amurka da motar kamfanin a 1913, aka sake ci a 1916 da 1919. Ƙaramar motar nan Bébé ta 1913 kuwa Ettore Bugatti ne ya tsara ta.

Lambobi masu sifili a tsakiya

Da samfurin 201 na 1929 aka fara raɗa wa motocin suna da lamba uku mai sifili a tsakiya. Lambar farko tana nuna girman motar, ta ƙarshe kuma a da tana nuna zubinta. Kamfanin ya riƙe wannan tsari da muhimmanci, har ya sa Porsche ya sauya sunan motarsa daga 901 zuwa 911 a farkon shekarun 1960. Ita 201 ɗin, da yake ƙarama ce mai araha, ita ta riƙe kamfanin a shekarun karyewar tattalin arzikin duniya.

A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun karɓe Sochaux, jiragen Birtaniya suka yi mata ruwan bama-bamai a Yulin 1943, ma'aikata kuma suka riƙa yi wa injuna zagon ƙasa daga ciki.

Daga 203 zuwa 504

Sunan da Peugeot ya yi na ƙarko, a wannan zamani aka gina shi. An fitar da 203 a 1948, sai 403 a 1955, wadda gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara jikinta, kuma ita ce Peugeot ta farko da aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. A 1960 aka yi 404, a 1968 aka yi 504, wadda ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. Duk motocin nan tsarinsu ɗaya ne a taƙaice: inji mai silinda huɗu a gaba, ƙafafun baya ke tura motar, jiki mai tsayi daga ƙasa, da shokazoba masu dogon zango waɗanda kamfanin ke ƙerawa da kansa. An tsara su ne don hanyoyin karkarar Faransa, waɗanda a lokacin ba su da kyau, sai abin ya dace da Afirka fiye da yadda masu zanen suka yi tsammani.

Gasar tseren motoci ta Safari ta gabashin Afirka ta ƙara musu daraja. 404 ta ci a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978. An daina ƙera 504 ƙirar salun a Faransa a 1983, amma aka ci gaba da haɗa ta a Ajantina har 1999, a Kenya har wajen 2004, a Najeriya kuma har 2005 ko 2006, gwargwadon wanda aka tambaya. Jimillar da aka ƙera ta haura miliyan 3. Magajiyarta 505, ta 1979, ita ce ta ƙarshe a jerin manyan motocin kamfanin masu turi da ƙafar baya.

Faɗaɗa, bashi da haɗaka

A 1974 Peugeot ya sayi wani kaso na Citroën, wanda ke gab da durƙushewa, a 1976 ya mallake shi, aka kafa rukunin PSA. A 1978 ya ƙara da reshen Chrysler na Turai a kan dala ɗaya tak, amma tare da tulin bashinsa, ya farfaɗo da tsohon sunan Talbot ya liƙa wa motocin. Lomar ta fi bakin. Kamfanin ya yi ta tafka asara a farkon shekarun 1980, kuma akasarin masu rubuta tarihinsa sun yarda cewa ƙaramar 205 ta 1983 ce ta cece shi. Nau'inta na tsere, 205 T16, ya ci kambun duniya na rali a 1985 da 1986, sannan Peugeot ya ci gasar Paris–Dakar sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, a zamanin da gasar ke ratsa hamadar Tenere da Agadas. Ya kuma ci gasar tseren Le Mans ta Faransa a 1992 da 1993 da 2009.

Kasuwar Amurka ba ta taɓa karɓarsa sosai ba, ya fice a 1991. A Turai kuwa 206 ta 1998 ta zama ɗaya daga cikin motocinsa mafi kasuwa, kuma an daɗe ana haɗa ta a Iran tare da 405.

Matsalar kuɗi ta dawo a 2012. A 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin suka zuba jari, kowanne ya riƙe kusan kashi 14 cikin ɗari, daidai da abin da ya rage wa gidan Peugeot, wanda daga nan ya rasa ikon da ya riƙe fiye da shekara 200. A ƙarƙashin shugabansa na lokacin, Carlos Tavares, rukunin ya koma cin riba, ya sayi Opel da Vauxhall daga General Motors a 2017, sannan ya haɗe da Fiat Chrysler.

A Najeriya da Nijar

Kafin a fara haɗa Fijo a Kaduna, kamfanonin ciniki irin su SCOA ne ke shigo da ita. An yi wa Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a 1972 a matsayin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanin na Faransa, aka buɗe masana'antar a unguwar Kakuri a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A shekarun farko ta sama ake kawo sassan: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna tashi daga Lyon su sauka a Kano, daga nan a kwashi kayan zuwa Kaduna, saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas a lokacin. Masana'antar ta haɗa 404 da 504 da 505, daga baya 306 da 406 da 307.

A lokacin da kuɗin mai ke shigowa, PAN na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara. Gwamnati ce babbar mai saye. Ma'aikatu da 'yan sanda da sojoji duk Fijo suke hawa, ma'aikacin da ya samu bashin mota kuma 504 ce burinsa. A tasha, 504 doguwa mai layin kujera uku ita ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri, 404 da 504 a-kori-kura suna kai kaya kasuwannin ƙauye, J5 kuma ta zama motar tumatir da albasa da barkono. A Nijar ma haka abin yake, sai dai yawancin nasu tsofaffi ne daga Turai: a shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa kan tuƙo 504 ta Aljeriya da Tamanrasset, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida ta jirgi.

Faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano, galibi na Japan, suka cika kasuwa, hukumomin gwamnati su ma suka juya zuwa Toyota. An sayar da hannun jarin gwamnati a PAN ga ASD Motors a 2006, hukumar AMCON, mai karɓar basussukan bankuna da aka kasa biya, ta karɓe kamfanin a 2012 saboda bashi. Ana taƙaddama kan ko manufofin shigo da kaya ne suka kashe masana'antar ko kuwa rashin sabunta samfuri da tafiyar da kamfanin. Tun 2022 wani kamfani daban, Dangote Peugeot Automobiles Nigeria, yana haɗa samfura irin su 301 a sabuwar masana'anta kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Riƙo da gyara

Idan ana maganar riƙon Fijo, dole a raba tsoffi da sababbi, don kusan suna kawai suka haɗa. Ita 504 galibi mai kafireto ce, ba ta da kwamfuta, kuma kusan kowane bakanike a garejin bakin hanya ya koyi aiki a kanta. Direbobi suna yabon laushinta a kan gargada da yadda take zama daram a doguwar tafiya ko da an yi mata lodi. Aibinta sananne ne: tana shan mai, jikinta yana tsatsa, kuma idan aka yi sakaci da lagireto ko fanka sai inji ya ɗau zafi ya ƙone gasket. Kayan gyaranta sun yi yawa a kasuwa shekaru da dama, sababbi da na hannu, shi ya sa mota ɗaya kan yi shekara talatin a hanya, an sauya mata inji da giyabos da ƙofofi har ba a san abin da ya rage na asali ba.

406, wadda aka fara a 1995, ita ce ta ƙarshe da ta samu irin wannan amincewa a arewacin Najeriya, musamman mai giyar hannu. Daga 307 zuwa gaba ƙorafin ya koma kan wuta: na'urar da ke sarrafa fitilu da makulli da gilasai takan rikice idan ruwa ya shige ta ko batir ya yi rauni, kuma mai wayarin da ba shi da na'urar binciken kwamfuta yakan ƙara ɓata ta. Giyabos mai sarrafa kansa samfurin AL4 shi ma ya yi ƙaurin suna wajen fizga da maƙalewa a giya ta uku. Wani ɓangare na laifin na motar ne, wani kuma na man da bai dace ba da gyaran kirdado. Wannan ne ya sa Fijo ta hannu ta fi takwararta Toyota araha a wurin dillalai, kuma ta fi wuyar sayarwa.

A Turai babban abin ƙorafi na baya-bayan nan shi ne injin fetur 1.2 PureTech, wanda bel ɗinsa na taimin ke gudana cikin man inji. Bel ɗin kan zaizaye kafin lokaci, ɓurɓushinsa ya toshe hanyar mai. Kamfanin ya kira motoci da yawa don dubawa, ya tsawaita garanti, sabon zubin injin kuma ya koma amfani da sarƙa. Injunan dizal na HDi sun fi samun yabo wajen juriya da ƙarancin shan mai.

Samfuran yanzu

Jerin na yau ya haɗa da 208 da 2008 da 308 da 408 da 3008 da 5008, yawancinsu akwai nau'in lantarki, sai a-kori-kurar Landtrek da ake sayarwa a Afirka da Latin Amurka. Bayan 504, samfuran 405 da 307 da 308 da 3008 da 208 su ma sun ci kambun gwarzuwar motar Turai. Ana haɗa 208 a Kenitra ta ƙasar Maroko, inda aka buɗe masana'anta a 2019.