Don Allah ku fitar da bututun ruwanku daga cikin kwata

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma tun saukar damina yaran da ake kawo mana kusan ciwonsu ɗaya: gudawa, amai, wasu taifot. In na tambayi uwa wane ruwa suke sha, sai ta ce, "Anti, wallahi na famfo muke sha, ba na rijiya ba." Gaskiyarta. To amma ta ina ruwan ya biyo kafin ya iso randarta?

Ku zaga lungunan Tudun Wada, ko Rigasa, ko Unguwar Sanusi, ku leƙa kwata. Za ku ga bututan roba biyar, shida, kwance cikin baƙin ruwa, kowane gida da nasa. Inda ya fashe an naɗe da robar tayar keke, wani da leda, wani ma da tsumma. A wannan kwatar ake zubar da fo ɗin yara, a nan ruwan wanki da na makewayi ke bi. Haba jama'a!

Kullum amsar ɗaya ce: "Ai ruwa fita yake ta wurin, ba shiga ba." Eh, in akwai ruwa. Da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan 'yar kafar. Ranar da ruwa ya dawo, wannan ƙazantar ce ke fara isowa, lokacin kowa ya jera bokitai da jarkoki yana murna.

Na sani ba duka laifin ke kanku ba. Manyan bututan da ke ɗauko ruwa daga matatar Malali zuwa tsofaffin unguwanni, wasunsu sun girmi iyayen yaran nan, tsatsa ta ci su, gari kuma ya ninka yadda yake lokacin da aka binne su. Sauya su aikin hukuma ne, kuma ya kamata masu unguwanni da limamai su riƙa matsa lamba har a yi. Amma ko yau aka shimfiɗa sabon bututu fil a layinku, in reshen da ya shiga gidanka yana kwance a kwata, aikin banza aka yi. An tace ruwa, an sa masa magani, kai kuma ka gurɓata shi a ƙofar gidanka.

Maigida, da kai nake. Kai ne ka kira mai gyaran famfo da daddare ya huda babban bututu, ka ce a bi ta kwata don kada a sha wahalar haƙa. Kuɗin da ka ƙi kashewa ranar, shi ne kake ninkawa yanzu a ƙarin ruwa da allurai. Kuma ba gidanka kaɗai ka cutar ba, ƙazantar da ta shiga ta hudarka har maƙwabta take kaiwa. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma Kaduna ba ta tsira ba. Mun manta ne?

Iyaye mata, ku kam kuna ƙoƙari, Allah ya saka. Abu ɗaya: alif yana kwantar da dauɗa ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwa ya yi garau ba shi ke nufin ya dace a sha ba.

Abin yi, a gurguje:
A ɗaga bututu daga kwata, a binne shi nesa da ita. In dole ya ƙetare, ya bi ta sama cikin wani babban bututu.
Inda ya fashe a yanke a sa sabo, ban da ɗauri.
Ruwan da ya fara zuwa bayan ɗaukewa a bar shi ya zuba, ko a yi shara da shi.
Na sha a tafasa, ko a sa WaterGuard, maganin kashe ƙwayar cuta a ruwa, yadda aka rubuta a kwalbar, a jira minti 30.
Randa a rufe, moɗa ɗaya.
In kun ga babban bututu na tsiyaya a titi, ku kai rahoto hukumar ruwa, kada ku tara bokiti a wurin.

Yaron da ya fara gudawa kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kawo mana shi, kada a jira sai idonsa ya faɗa.