Antibodi ba antibayotik ba ne, kuma ba shi kaɗai ne garkuwar jiki ba

Tun zamanin korona kalmar nan antibodi ta shiga bakin mutane ta ƙi fita. Shekaranjiya ina cikin adaidaita direba ya kunna rediyo, wani mai tallan magani yana ta rantsuwa wai jiƙonsa yana ƙara antibodi, a wani shirin kuma na taɓa jin mai gabatarwa ya ce likita ya rubuta wa yaro antibodi na kwana biyar, alhali antibayotik yake nufi. Abin yana ci min rai wallahi, don wanda ya ji a rediyo ɗauka yake ya zauna.

Antibayotik magani ne da ake sha ko a yi allura ya kashe bakteriya, wannan a bar shi nan. Shi antibodi furotin ne da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira B suke ƙerawa, siffarsa kamar gwafa, bakin nan biyu suna kama abu ɗaya tak, wanda aka ƙera don ƙyanda ba ruwansa da tetanus. Sana'arsa ganewa da riƙewa.

Amma inda na fi jin haushi shi ne masu fassara shi da "garkuwar jiki" kai tsaye, kamar in babu shi jiki a buɗe yake. Ai in baƙuwar cuta ta shigo karon farko sai an yi kwanaki, wani lokaci mako ɗaya zuwa biyu, kafin antibodinta ya yi yawa a jini. To wa ke riƙe da gida kafin nan? Akwai 'yan gadi da aka haife mu da su, wasu furotin da ke zaune a jikin ƙwayoyin garkuwa suna sansano baƙo, masana na ce musu risefta, kuma fitattun cikinsu su ne dangin Toll, wato TLR.

Sunan ma labari ne. Wata Bajamushiya, Christiane Nüsslein-Volhard, tana nazarin ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba, sai ta ga wata tsutsa da cikinta da bayanta suka rikice, ta ce "toll", a Jamusanci kamar ka ce kai, abin mamaki! Shi ke nan sunan ya bi ƙwayar gadon da ta jawo rikicewar, a 1985 aka wallafa aikin, kuma lokacin zancen siffar tsutsa kawai ake yi ba zancen cuta ba. Sai a 1996 a Strasbourg ta Faransa, ɗakin binciken Jules Hoffmann suka ga ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace fumfuna na cinye shi ya mutu. A 1998 Bruce Beutler a Amurka ya nuna a jikin ɓera cewa TLR4 ne ke gane wani sinadari da ke bangon wasu bakteriya mai suna LPS. Hoffmann da Beutler sun sami kyautar Nobel a 2011. Ɗan adam yana da TLR iri 10, TLR5 na gane wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, TLR3 kuma yana can cikin ƙwayar halitta yana jiran kayan gadon bairos. Duka ba antibodi ba ne, kuma su ba sa jiran kwanaki, nan take suke buga ƙararrawa.

To ta yaya aka san inda waɗannan 'yan gadin suke, tunda ido bai ganinsu? Nan ne ma'ana ta biyu ta kalmar ta shigo, wadda ban taɓa jin an faɗa a rediyo ba: antibodin lab, wanda ake ƙerawa a sayar a 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, a ajiye a firij. A 1975 Georges Köhler da César Milstein a Kambirij ta Ingila suka gano hanyar, a yi wa ɓera allurar furotin ɗin da ake so, a ciro ƙwayoyin B daga saifarsa, a haɗe su da ƙwayoyin ciwon daji masu hayayyafa ba tsayawa, sai a samu zuri'a guda da ke zubo antibodi iri ɗaya kullum. In mai bincike yana son sanin ƙwayoyin jini nawa ne ke ɗauke da TLR4, sai ya ɗauki antibodin TLR4 da aka liƙa wa rini mai ƙyalli, ya ɗiga a kan jinin, ya wanke, ya tura cikin na'urar da ke jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a gaban hasken lesa, duk wadda ta haska an ƙirga ta. Wani ma toshe riseftan ake yi da shi a ga me zai faru. Wannan antibodin ba ya kare kowa, tambari ne kawai. Kuma ni a ganina ba a faɗar rauninsa yadda ya kamata, don wani yana maƙale wa furotin ɗin da ba shi aka aike shi ba, shi ya sa mai bincike na ƙwarai sai ya fara gwada shi a kan ƙwayar da aka cire wa riseftan, in ta haska to kwalbar ƙarya take yi.

Kusan kowa a nan ya taɓa riƙe irinsa bai sani ba. Ɗan katin gwajin maleriya da ake ɗiga wa jinin yatsa, antibodin lab ne a shimfiɗe a ciki yana kama furotin ɗin ƙwayar maleriya har layin ya fito, haka ma tsinken gwajin ciki. Shi kuwa Widal na taifod akasin haka ne, naka antibodin yake nema a jininka, kuma yana iya zama na tsohuwar cuta da ta daɗe da wucewa, shi ya sa likitoci ba sa yarda da sakamakonsa shi kaɗai.