Madara ba ta wanke hayaƙin wayoyi

A wasu bololin Sabon Gari za ka tarar da 'yan jari-bola sun tara caja, wayoyin lantarki da matattun wayoyin hannu, sun cinna musu wuta don fitar da jan ƙarfe. In an gama sai a kwankwaɗi gwangwanin madara, wai ta wanke ƙirji.

Ina! Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu ya shiga. Dalmar da ke jikin tsofaffin allunan lantarki na cikin wayar hannu tana bin jini, ta zauna a ƙashi shekara da shekaru. Dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, wajen sarrafa zinare. Batir kuwa fashewa yake yi a wuta. Gara a fere robar jikin wayoyin lantarkin da wuƙa, a ware batiran gefe.