Waiwaye: kullen korona da kasuwar ƙwaya a ƙauyukanmu

Masu cewa korona ce ta kawo shaye-shaye ƙauye gaskiya sun manta baya. Tun 2017 aka tashi a majalisar dattawa aka ce ana shanye kwalbar maganin tari mai kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa kaɗai, ko da an yi ƙarin gishiri a lissafin dai kowa ya san abin ya kai intaha. A 2018 BBC ta saki bincikenta kan maganin tari, gwamnatin tarayya ta hana haɗa mai kodin da shigo da shi, a shekarar kuma Indiya ta tsaurara doka kan tiramol, wanda akasari daga can yake zuwa. Rahoton UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, na farkon 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, Kano kaɗai sama da miliyan ɗaya. Sai kuma aka rufe boda a Agustan 2019, har da ta Maigatari da ke Jigawa, iyaka da Nijar. Kenan kafin a ji sunan korona dillalai sun riga sun ƙware a hanyar daji da babur ɗin dare.

Toh sai ga kulle. An samu mai cutar na farko a Kano ran 11 ga Afrilun 2020, Ganduje ya rufe gari ran 16, Buhari ya ƙara sati biyu ran 27, ga azumi ga zafi, zirga-zirga tsakanin jihohi kuwa sai 1 ga Yuli aka buɗe. Da farko kaya sun yi wuya, kuɗinsu ya tashi, amma fa ba yankewa suka yi ba, don motar abinci da ta magani an bar su suna wucewa, kemis a buɗe yake, kuma sacet ɗin tiramol mai ƙarfin miligiram 225 ai ko aljihun ɗan kamasho ya ishe shi.

Abin da ya fi taɓa ƙauye shi ne dawowar 'yan ci-rani. Yaran da ke ga-ruwa da dako da acaɓa a birni aiki ya tsaya, suka tattaro suka dawo gida da wuri, wasunsu da ɗabi'ar da suka koyo ta haɗiyar ƙwaya kafin fita aiki, suka tarar da ƙannensu an rufe makarantu suna zaune a dandali ba aikin fari bare na baƙi. Damina na faɗuwa aka shiga ƙwadago, kuma kowa ya san mai biyan kuɗin noma kadada yake dubawa, ba ruwansa da me yaro ya jefa a shayi kafin ya ɗau fartanya. Wanda kuɗinsa bai kai na tiramol ba sai ya gangara kan egzol ko sholisho ko madarar sukudaye, masu arha kuma masu saurin taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya so dainawa kuma, kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure a wannan lokacin sai an sha fama da shingen jami'ai, da yawa ɗaki kawai aka kulle su ana tofi.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka masu mutuwa saboda ƙwaya ta yi musu yawa sun tashi daga kusan 70,000 a 2019 zuwa sama da 90,000 a 2020, yawanci fentanil, wani maganin kashe zafi mai tsananin ƙarfi, mutum na sha shi kaɗai a ɗaki ba mai kawo ɗauki.

An buɗe Maigatari a Disambar 2020, Buba Marwa ya karɓi hukumar hana sha da fataucin ƙwaya ta NDLEA a Janairun 2021, kame ya ƙaru sosai, wannan a yaba. Sai dai da aka matsa wa tiramol sai ga wata ƙwaya irinsa mai suna tapentadol daga Indiyar dai, samari na ce mata tiramol ɗin kawai, kuma ran kasuwa mai tallan magani a faranti ne ke miƙa ta daga ƙarƙashin farasitamol.