Youssou N'Dour

Youssou N'Dour mawaƙi ne ɗan ƙasar Senegal, ɗan kasuwa, kuma tsohon minista. An haife shi ranar 1 ga Oktoban 1959 a Dakar, ya tashi a unguwar Medina. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Serer ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan maroƙan Tukulor ce, masu riƙe da tarihin dangi da kirarin manya. Ta wajenta ya gaji murya.

Tasowarsa a waƙa

Tun yana yaro yake waƙa a bukukuwan kaciya na unguwa. Wajen tsakiyar shekarun 1970 ya shiga ƙungiyar Star Band ta Ibra Kassé, wadda ke wasa a wani gidan rawa mai suna Miami a Dakar. A lokacin makaɗan Dakar kiɗan Cuba suka fi kwaikwayo. Ƙungiyar Étoile de Dakar, da shi da abokansa suka kafa wajen 1978 ko 1979, tana cikin waɗanda suka dawo da gangunan gida gaba, suka riƙe harshen Wolof. Daga baya ya ware ya kafa Super Étoile.

Salon da ya yi suna da shi ana kiransa mbalax. Ginshiƙinsa ganguna biyu ne: sabar, da ake kaɗawa da tafin hannu ɗaya da siririyar sanda a ɗayan, da tama, ƙaramar ganga mai igiyoyi da makaɗi ke matsewa a hammata har ta yi magana, 'yar'uwar kalangu ce sak. A kan wannan kiɗa mai sarƙaƙiya yake ɗora muryarsa mai kaifi.

Duniya ta fara jinsa sosai a 1986, da ya yi aiki da mawaƙin Ingila Peter Gabriel. A 1988 ya shiga rangadin kare haƙƙin ɗan'adam na Amnesty International. Waƙarsa da mawaƙiya Neneh Cherry, "7 Seconds", ta karaɗe Turai a 1994.

Kundin Egypt

Kundin da ya fi jawo magana a gida shi ne Egypt, wanda ya fita kasuwannin duniya a 2004. Ya yi shi da makaɗan Masar ƙarƙashin Fathy Salama, kuma akasarinsa begen shehunan Senegal ne: Ahmadu Bamba na Muridiyya, ɗarikar da shi kansa yake bi, da Ibra Fall almajirin Bamba, da shehunan Tijjaniyya, har da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. Wasu sun ƙi kundin, suna ganin bai dace mai waƙar gidan rawa ya ambaci waliyyai ba. Surutun ya lafa bayan kundin ya ci kyautar Grammy a 2005.

Kasuwanci

Abin da ya bambanta shi da taurari da yawa na zamaninsa shi ne bai tare a Paris ko Landan ba. Abin da ya samu a waje, gida ya kawo. Ya buɗe ɗakin naɗar waƙa na Xippi da kamfanin Jololi da gidan rawa na Thiossane, duk a Dakar, matasan mawaƙa suka samu wurin naɗa ba sai sun ƙetare teku ba. A 2003 ya kafa kamfanin Futurs Médias, mai jaridar L'Observateur da rediyon RFM. Talabijin ɗin TFM ya fara aiki a 2010, bayan doguwar ja-in-ja da gwamnatin Shugaba Abdoulaye Wade kan lasisi.

Ayyukan al'umma

An naɗa shi jakadan UNICEF a 1991. A 2005 ya jagoranci babban wasan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Dakar, a 2008 kuma ya ƙaddamar da Birima, shirin bai wa masu ƙananan sana'o'i rance.

Siyasa

A Janairun 2012 ya ce zai tsaya takarar shugaban ƙasa, amma majalisar tsarin mulki ta ce sahihan sa-hannun magoya bayansa ba su cika ba, hukuncin da bai gamsu da shi ba. Ya mara wa Macky Sall baya a zagaye na biyu, da Sall ya ci zaɓen kuma aka naɗa N'Dour ministan al'adu da yawon buɗe ido a Afrilu. Ya bar majalisar ministoci a Satumban 2013, shekarar da aka ba shi kyautar kiɗa ta Polar a Sweden.