Gidan ofis, motar ofis da alawus: wanne ake cire wa haraji, wanne ba a taɓawa?

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, wato wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ma'aikata suke ta tambaya a kan abubuwan da wurin aiki ke ba su bayan albashi. Ga waɗanda aka fi yi min, da abin da na sani a kai.

Wai da gaske alawus ma ana cire masa haraji? Ni na ɗauka ainihin albashi kawai ake taɓawa.

Da gaske ne, kuma ba yau aka fara ba. Mutane da yawa suna tunanin in aka raba albashi gida-gida, wannan kuɗin haya, wannan kuɗin mota, wannan na abinci, wannan na hutu, to an tsira kenan, amma ita hukumar haraji ba ruwanta da sunan da akantan ofis ɗinku ya raɗa wa kuɗin, abin da take tambaya ɗaya ne, wannan kuɗin ya shiga aljihunka ne saboda kana aiki a wurin? In eh ne to kuɗin shiga ne, a tara su duka a yi lissafi. Bonas ɗin ƙarshen shekara, kuɗin Sallah da ake turo wa ma'aikata ta banki, kuɗin aikin bayan lokaci, duk hukuncinsu ɗaya.

Tsofaffin ma'aikata su ne suka fi ruɗewa, kuma ban ga laifinsu ba, don kafin gyaran dokar da aka yi a 2011 akwai ɗan rangwame da ake yi wa alawus na haya da na mota da na abinci kowanne da iyakarsa. A 2011 ɗin aka dunƙule su zuwa rangwame guda, yanzu kuma sabuwar doka ta soke shi ma ɗin, ta ce naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, daga nan kashi 15 cikin ɗari a kan miliyan 2.2 da ke biye, kashi 18 a kan miliyan 9 na gaba, ana ta hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Kamfani ya ba ni mota, ba tawa ba ce, sunansu ne a takardu. Me ya haɗa ni da haraji?

Abin da ya haɗa ka shi ne kana morarta. Da ita kake kai yara makaranta, da ita kake zuwa ɗaurin aure Zariya ranar Asabar, wanda ba a ba shi ba kuwa daga albashinsa da aka riga aka cire wa haraji yake biyan ɗan adaidaita. To doka ta ce a ɗauki kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da kamfani ya sayi motar, a ƙara a kan kuɗin shigarka na kowace shekara kamar an ba ka su a hannu.

Mu yi lissafi. Albashinka miliyan 6 a shekara, motar an saye ta miliyan 20. Kashi 5 ɗinta miliyan 1 kenan. Ba wai miliyan 1 za ka biya ba, nan ne mutane ke firgita, a'a, miliyan 1 za a ƙara a kan abin da ake lissafa wa haraji, kuma tunda kana matakin kashi 18, ƙarin da za ka biya naira 180,000 ne a shekara, 15,000 a wata. Ka gaya min inda za ka samu hayar motar miliyan 20 a kan dubu 15 a wata. Ni a ganina wanda aka ba mota ba shi da abin kuka, wanda aka ba kuɗin mota tsaba shi ne ake cajin kowace nairarsa.

In kuma kamfanin hayo motar ya yi ba saya ya yi ba, to kuɗin hayar da yake biya ake ɗora maka. Haka in yana biyan direban gidanka ko mai gadi ko mai dafa abinci, ko ya sa maka janareto da kujeru a gida, duk hanyar ɗaya ce, kayan da aka saya kashi 5, hidimar da aka biya kuma abin da aka kashe.

Gidan da ofis ya ba ni fa?

Shi ma moriya ce. Ana duba nawa ne kuɗin hayar gidan a shekara a ƙara maka, sai dai sabuwar doka ta sa masa rufi, ba zai wuce kashi 20 cikin ɗari na albashinka na shekara ba. Misali mai albashin miliyan 6 ɗin nan aka sauke shi a gidan da hayarsa ta kai miliyan 3 a Nasarawa GRA a Kano, ba miliyan 3 za a ɗora masa ba, miliyan 1.2 ne, harajinsa 216,000 a shekara. Wannan rufin yana da amfani sosai ga ƙaramin ma'aikaci da aka tura Abuja ko Legas aka ajiye shi a gidan da shi da aljihunsa ba zai taɓa iya kamawa ba. In ana cirar maka wani abu a albashi a matsayin haya, to sai a rage shi, bambancin kawai ake lissafawa.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da yawa wannan tambayar ba ta shafe su ba, don tun 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da gida da mota da sauran su kuɗi ta zuba a albashi, aka sayar da gidajen gwamnati a Abuja lokacin El-Rufa'i yana ministan birnin. Kuma da zarar abu ya koma kuɗi to haraji ya hau kansa gaba ɗaya.

Ni da kaina nake biyan haya, akwai abin da zan samu?

Akwai, kuma sabon abu ne. Ana rage kashi 20 cikin ɗari na hayar da ka biya daga kuɗin da za a lissafa wa haraji, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Mai biyan 600,000 a shekara za a rage masa 120,000. Sai fa ka bayyana hayar da kake biya, kuma a nan ne matsalarmu take, don sau nawa mai gida ke ba da rasidi a unguwanninmu, yawanci dillali ne da shaidu biyu shikenan. Ka nemi rasidi ko ka biya ta banki. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado babu wannan rangwamen gare shi.

To me ba a taɓawa kenan?

Abincin da ake dafa wa ma'aikata gaba ɗaya a wurin cin abinci na ofis, ko tikitin abinci da ba a iya sayarwa. Yunifom da kayan kariya irin su hular kwano da takalmin aiki. Kuɗin kwashe kaya in ofis ne ya canza maka garin aiki. Sai kuɗin da ka kashe wajen aikin ofis aka mayar maka, kamar an aike ka Kaduna ka biya mota da masauki, wannan naka ne aka dawo maka da shi ba riba ka ci ba, shi ya sa ajiye rasidi ke da muhimmanci.

Akwai kuma waɗanda ake cirewa kafin a fara lissafi, kashi 8 da kake zubawa a fansho, kuɗin asusun gidaje na ƙasa, inshorar lafiya, inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da kai kake zaune a ciki.

Buhun shinkafar azumi da ragon layya da oga ke rabawa fa?

Wannan tambayar tana ba ni dariya amma tana da ma'ana. In kamfani ne ya saya da kuɗinsa ya raba wa ma'aikata saboda su ma'aikatansa ne, a rubuce moriya ce ta aiki kamar sauran. In kuma Alhaji ne ya ciro daga aljihunsa ya yi maka alheri kamar yadda zai yi wa maƙwabcinsa, wannan kyauta ce. Inda babu wata jayayya shi ne in aka ce ga kuɗin rago aka tura maka tare da albashi.

Wa ke da alhakin cirewa, ni ko wurin aiki? Kuma ina kuɗin ke zuwa?

Wurin aiki ne, a ƙarƙashin tsarin PAYE, wato cire haraji daga albashi kafin ya shigo hannun ma'aikaci. Su za su ƙiyasta moriyar, su cire duk wata, su tura kafin 10 ga watan da ke biye, sannan su shigar da bayanin shekara kafin ƙarshen Janairu. Kuɗin na zuwa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune, mazaunin Kano KIRS, mazaunin Kaduna KADIRS, ba jihar da hedikwatar kamfanin take ba. In suka ƙi lissafa motar ko gidan, ranar da masu bincike suka zo kamfanin za a fara kamawa da tara da ruwa, amma kar ka ce ba ruwanka, don akwai ofisoshin da in aka caje su sai su dawo su riƙa zarewa daga albashin ma'aikaci kaɗan-kaɗan. Ka karɓi takardar albashinka ta wata, ka duba ko an sa motar da gidan a ciki, in ba ka gani ba ka leƙa wurin akanta ka tambaye shi yadda ya yi lissafin.